Zakin da ke share sawunsa da wutsiya: sharhi kan littattafan dabbobi na Turawan da

Akwai wani irin littafi da ya yi tashe a Turai tsakanin ƙarni na 12 da na 13, musamman a Ingila da arewacin Faransa, suna ce masa bestiyari, wato littafin dabbobi. In ka buɗe shi za ka ga an zana dabba da launi mai kyau, wani lokacin har da ruwan zinari, a ƙasa sai bayanin kamanninta da halinta, daga nan kuma sai wa'azi ya biyo baya. Zaki yana ciki, giwa tana ciki, kura da bushiya da tururuwa da jimina duk suna ciki, amma kana juya shafi sai ka ci karo da doki mai ƙaho ɗaya a goshi, ko tsuntsun da ke ƙona kansa ya sake tashi daga toka, ko wata dabba mai fuskar mutum da jikin zaki da wutsiyar kunama da haƙora jeri uku. Abun da ya fi ɗaukar hankali shi ne marubucin ba ya canza murya ko kaɗan, yanda ya ba ka labarin tururuwa haka zai ba ka na dodon maciji mai fukafukai, babu alamar cewa wannan akwai shi wancan babu.

Mutanen yanzu in sun ga hotunan nan a intanet abu na farko dariya ce, sai a ce kai dubi jahilcin mutanen da, ko giwa ba su iya zanawa ba. Ni a ganina wannan karatun ya yi sauƙi da yawa. Waɗanda suka rubuta littattafan nan su ne masu ilimin zamaninsu, limaman coci ne da ruhubanawa da suka san Latin, kuma ba ilimin dabbobi suka zauna rubutawa ba tun farko. Wa'azi suke yi, dabbar kuwa abun rataye wa'azin ce. Amma fa ban tare da masu wanke su tas su ce ai duk misali ne kawai babu laifi, don in darasi ya riga gaskiya zuwa, akwai abun da ake asara, kuma za mu zo wurin.

Tushen abun ma ba a Turai yake ba, a Afirka yake. Wani ɗan littafi ne na Girkanci da ake kira Fisiyologus, wanda akasarin masana ke ganin a Iskandariya ta Masar aka haɗa shi tsakanin ƙarni na 2 da na 4 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), kuma marubucin bai sa sunansa ba. Babi kusan 50 ne, yawanci dabbobi, da 'yan duwatsu da itatuwa. Kowane babi salonsa ɗaya: a kawo aya daga Baibul da ta ambaci dabbar, a ce masanin halitta ya ce dabba kaza tana yin kaza, sai a fassara halin da aƙidar Kiristanci. Littafin ya yi yawo sosai, an mai da shi Latin da Siriyanci da Armeniyanci da Larabci da Ge'ez na Habasha, daga baya har tsohon Ingilishi da tsohon Jamusanci da harshen Aisland sun samu rabonsu.

Da zaki ake farawa kusan kullum, kuma an ba shi halaye uku. Na ɗaya in ya ji ƙanshin mafarauci sai ya dinga share sawunsa da wutsiya don kar a bi shi. Na biyu in yana barci idonsa a buɗe yake. Na uku wai zakanya matattun 'ya'ya take haifa, ta yi gadinsu kwana 3, a rana ta uku uban ya zo ya hura musu numfashi a fuska su tashi. Duk wanda ya san aƙidar Kirista ya riga ya ga inda aka nufa: share sawu shi ne yanda a wurinsu Almasihu ya ɓoye asalinsa da ya zo duniya, barci ido buɗe shi ne jikinsa ya kwanta amma allahntakar da suke danganta masa tana farke, kwana 3 kuwa tashi daga matattu ne kamar yanda suka yi imani. To kaga ba wani ne ya je daji ya zauna yana kallon zaki sannan ya tsinci darasi ba. Darasin yana nan tun farko, zakin aka yanka aka ɗinka daidai da shi.

Labarin giwa ya fi nuna wannan ƙarara. Wai giwa ba ta da gaɓa a gwiwa, saboda haka ba ta iya kwanciya, jingina take yi da itace ta yi barci a tsaye. Sai mafarauci ya zo ya yanka itacen da zarto ya bar shi saura ƙiris, tana jingina sai su faɗi tare, kuma ba ta iya tashi. Tana ta kuka sai babbar giwa ta zo ta kasa ɗaga ta, sai giwaye 12 su zo su ma su kasa, can sai wata 'yar ƙaramar giwa ta zo ta sa hancinta ta ɗaga ta. Fassarar: giwar da ta faɗi ɗan Adam ne, babbar giwa shari'ar Attaura ce, 12 ɗin annabawa ne, ƙaramar kuwa Almasihu ne da ya ƙasƙantar da kansa. Wa ya taɓa ƙirga giwaye 12 suna ƙoƙarin ɗaga 'yar uwarsu? Babu, lambar daga wa'azin ta fito. Kuma abun mamaki Aristotal, masanin falsafar nan na Girka, tun kafin haihuwar Annabi Isa da sama da shekara 300 ya riga ya rubuta cewa giwa tana lanƙwasa ƙafafunta. Maganarsa ba ta hana labarin rayuwa ba har sama da shekara dubu, saboda giwa mai gwiwa ba ta da amfani a kan mumbari.

Sauran suna da yawa, zan wuce su da sauri. Kwasakwasa wai 'ya'yanta in sun girma sukan mari iyayensu a fuska, iyayen su rama su kashe su, bayan kwana 3 uwar ta tsaga ƙirjinta ta zuba musu jininta su farfaɗo. Damisa in ta ƙoshi sai ta yi barcin kwana 3, in ta farka ta yi ruri wani ƙanshi ya fito daga bakinta duk dabbobi su bi ta, ban da dodon maciji da ke gudu ya shige rami. Yanyawa in yunwa ta kama ta sai ta yi birgima a jar ƙasa ta kwanta kamar mushe harshe a waje, tsuntsaye su sauko ta cafke su, wannan Shaiɗan ke nan. Bushiya tana kakkaɓo inabi ta yi birgima a kai ta tafi da shi a ƙayoyinta. Akwai kuma biba, wata dabbar ruwa da ake farauta don wani abu na jikinta da ake magani da shi, wai in ta ga an kusa kama ta sai ta ciji marainanta ta jefa wa mafarauci ta tsira, darasin shi ne ka yanke zunubinka ka jefa wa Shaiɗan a fuska. A zahiri marainan biba a cikin ciki suke, ko ta so ba za ta iya cizonsu ba.

Yanda ɗan littafin nan mai babi kusan 50 ya kumbura ya zama bestiyari shi ne aka yi ta ɗura masa kaya daga wasu littattafai. Babban wanda aka fi ɗiba shi ne Isidor, bishof na Sabil a Sifen wanda ya rasu a 636, yana da wani kundin ilimi babba wanda juzu'insa na 12 kan dabbobi ne. Ta hanyarsa da ta wani Solinus kayan Filini Babba suka shigo, Baromen nan da ya tattara duk abun da ya ji game da halittu kafin dutsen Besubiyus ya yi aman wutar da ya halaka shi a shekara ta 79. Filini kuma ya kwaso daga Girkawa irin su Kitesiyas, likitan da ya zauna a fadar sarkin Farisa wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda daga gare shi ne labarin dabbar nan mai fuskar mutum da wutsiyar kunama, wadda aka ce a Indiya take, ya fito. Kaga isnadin ke nan, wane ya ji daga wane, wane ya kwafa daga wane, babu wanda ya je Indiya ya duba. Zuwa ƙarshen ƙarni na 12 manyan bestiyari na Ingila sun wuce babi 100, an tsara su kashi kashi, namun daji, dabbobin gida, tsuntsaye, macizai, kifaye, wasu har da itatuwa da shi kansa ɗan Adam.

Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne wanda ke Jami'ar Abadin a Sikotland, an rubuta shi a Ingila wajen shekara ta 1200 a kan fata, kuma sunansa ya fito a lissafin littattafan fadar Sarki Henri na 8 a 1542. Yana da ɗan uwa a ɗakin karatu na Bodliyan a Okusfod wanda hotunansu suka yi kama sosai. A jikin wasu hotunan na Abadin akwai ƙananan huji da aka bi layin zanen da allura, dabara ce ta kwafar hoto zuwa wani shafi, wato har zanen ma kwafe ake yi daga littafi zuwa littafi. Shi ya sa za ka ga kada an yi masa kamar kare mai dogayen ƙafafu, jimina kuma da kofato. Mai zanen bai taɓa ganinsu ba, wanda ya kwafa daga wurinsa ma haka.

To me ya sa masu hankali za su ɓata fata mai tsada da zinari a kan wannan? Amsar tana cikin yanda suke kallon duniya. A wurinsu Allah ya ba mutum littafi biyu, wanda aka saukar da kuma halitta, kuma babu abun da aka halitta a banza, kowace dabba alama ce da ake so a karanta. Sukan kafa hujja da wata aya a littafin Ayuba a Baibul mai cewa ka tambayi dabbobi za su koya maka, ka tambayi tsuntsayen sama za su faɗa maka. Wani malaminsu na ƙarni na 12, Alan na Lil, ya yi waƙa yana cewa kowace halitta a duniya kamar littafi ce da hoto da madubi a gare mu. Musulmi ba zai ji wannan baƙo ba, tunda Alƙur'ani ma ya yi ta cewa a dubi halitta, ga surorin Baƙara da Nahli da Namli da Ankabut da Fil, ga hankakan da ya nuna wa ɗan Annabi Adamu yanda zai binne ɗan uwansa. Bambancin shi ne bestiyari bai tsaya a cewa dubi raƙumi yanda aka halicce shi ba, sai ya ɗauki kowace gaɓa da kowane hali ya ce wannan yana nufin kaza, in kuma halin da ake buƙata babu shi a jikin dabbar, akwai tsohon littafin da zai ba da rance.

Dalili na biyu harda ce. Yawancin masu zuwa coci ba su iya karatu ba, har cikin gidajen ruhubanawa ma akwai 'yan aikin ƙarfi da ba su san Latin ba. In ka ce wa manomi ka guji yaudarar Shaiɗan, kafin ya kai gida ya manta, amma yanyawar da ta yi birgima a jar ƙasa ta kwanta harshe a waje ba za ta fita a kansa ba. Richad na Funibal, wani malamin coci a garin Amiyan na Faransa a tsakiyar ƙarni na 13, ya faɗi abun a fili cewa ƙwaƙwalwa ƙofa biyu gare ta, gani da ji, hanyar ɗaya zane hanyar ɗayar magana. A littafin Abadin an ga dattin yatsa a saman wasu shafuka ta tsakiya, wurin da mai karatu shi kaɗai ba zai riƙe ba, sai wanda ya juya littafin yana nuna wa mutanen da ke gabansa. Kuma dabbobin ba su tsaya a takarda ba, an sassaƙa su a duwatsun majami'u da ƙarƙashin kujerun katako na masu waƙar coci.

Sai babbar tambayar da kowa ke yi, wai sun yarda da labaran nan kuwa? Amsar ba eh ba ce ba kuma a'a ba. Ogastin, babban malamin Kirista na garin Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, wanda ya rasu a 430, da ya zo kan labarin kwasakwasa a tafsirinsa na Zabura, ce wa masu sauraro ya yi su ji shi a kan cewa in gaskiya ne to ya dace da ma'anar, in kuma ƙarya ne kar su riƙe shi. Isidor ma da ya kawo labarin sai da ya saka in dai gaskiya ne. Wato manyansu sun san akwai shakka, kawai dai shakkar ba ta dame su ba tunda ba ita ce manufar ba. Sannan ka sa kanka a matsayin mutumin wani ƙauye a Ingila a 1200. Bai taɓa ganin kada ba, bai taɓa ganin dodon maciji ba, duka biyun a littafi ya gamu da su, da me zai bambance? In aka ce masa akwai dabba mai wuya kamar dogon itace da zanen damisa a jiki, aka kuma ce masa akwai doki mai ƙaho ɗaya, wallahi na biyun ya fi kama da gaskiya, amma raƙumin dawa ne ke akwai.

A nan ne nake ganin bambancinsa da tatsuniyarmu ya fito. Mu ma ai mun raba wa dabbobi hali, dila malamin daji, kura ga zari ga wauta, Gizo ga wayo. Amma mai tatsuniya tun daga ga ta nan ga ta nanku ta riga ta sanar da kai inda kuka shiga, a ƙarshe kuma ta ce ba don Gizo ba da na yi ƙarya, yara su yi dariya kowa ya san matsayin abun. Bestiyari ba ya yin haka. Dabbobinsa ba sa magana, ba sa zuwa kasuwa, cewa yake haka Allah ya halicce su, kuma ƙarfin wa'azin ya dogara ne a kan ka yarda haka ɗin ne.

Kura ta fi kowa shan wahalar wannan. An ce a makabarta take zama tana tono gawa, tana kwaikwayon muryar mutum don ta yaudari makiyaya, akwai wani dutse a idonta da in ka sa a ƙarƙashin harshe za ka faɗi abun da zai faru, sannan wai takan zama namiji yau gobe ta zama mace. Wannan na ƙarshen yana da ɗan tushe, don macen kura mai dabbare-dabbare al'aurarta ta waje tana kama da ta namiji sosai, har masana kan rikice daga nesa. Aristotal ya ƙaryata batun canza jinsin tun da daɗewa, amma ba a saurare shi ba, saboda ana buƙatar dabba mai fuska biyu. Kuma wa aka liƙa wa? Yahudawa. Littattafan sun ce kura misalinsu ce, wai da suna bauta wa Allah daga baya suka juya. Mujiya ma haka, an ce ta fi son duhu da haske kamar su. Ka tuna a wannan Ingilar da ake ta ƙawata littattafan nan aka yi wa Yahudawa kisan gilla a Yok a 1190, aka kuma kore su daga ƙasar gaba ɗaya a 1290. Ban ce bestiyari ne ya jawo ba, amma yaron da ya taso yana ganin hoton kura tana jan gawa daga kabari ana ce masa ga misalin maƙwabcinka, an riga an shuka masa abu, kuma an shuka shi da sunan haka halitta take, wanda ya fi wuyar musu. Mata ma sun samu nasu rabon ta hanyar 'yan ruwan nan masu rabin jikin mace da ke yi wa matuƙa jirgi waƙa har su yi barci su halaka.

Wani abun kuma, ma'anar ba ta tsaya wuri ɗaya ba, wanda ke nuna a hannun mai wa'azi take. Ɗauki alhudahuda. A wurinmu tsuntsun Annabi Sulaiman ne da ya kawo labarin Saba'i. A Fisiyologus misalin biyayya ga iyaye ne, wai in iyayen sun tsufa 'ya'yan kan fige musu tsofaffin gashi su lashe musu ido su ɗumama su har su dawo da ƙuruciya. A wurin Isidor kuwa ƙazamin tsuntsu ne mai son kashi da kaburbura, kuma wasu littattafan sun haɗa duka biyun a babi ɗaya ba tare da sun ga wani karo ba. Akwai ma dabbobin da ba a ɗora musu darasi ba sam, kamar bonakon, wani irin sa mai ƙahoni a lanƙwashe da ba sa iya suka, wai in an biyo shi sai ya saki kashi mai zafi da ke tafiya nesa yana ƙona duk abun da ya taɓa. Masu zane sun ji daɗin wannan, za ka ga mafarauci ya kare fuska da garkuwa. Ruhubanawa ma ai mutane ne, suna son abun dariya.

Wasu labaran sun tsallaka iyakar addini. Babban kifin nan da ke kwanciya a saman teku har ƙasa ta taru a bayansa, matuƙa su zaci tsibiri ne su ɗaure jirgi su hura wuta don girki, yana jin zafi ya nutse da su, a bestiyari Shaiɗan ne da masu dogara da shi. Shi ne dai kifin tafiyar Sindibad ta farko a Dare Dubu da Ɗaya, shi ne kuma a labarin tafiyar Birendan, wani waliyyin Kirista na Ailan. A ɓangaren Musulmi an yi rubutu mai yawa kan dabbobi amma da wani salo. Jahiz na Basra da ya rasu wajen 868 ya rubuta Kitabul Hayawan, yana nuna hikimar Allah a cikin halitta har a ƙuda da tururuwa, amma mutum ne mai gardama, yakan kawo labarin matuƙa jirgi ya yi masa ba'a, yakan ja da Aristotal ma in ya ga dama. Ƙazwini da ya rasu a 1283 ya yi Aja'ibul Makhluƙat inda abun gaske da na almara ke zaune tare kamar dai a bestiyari. Damiri na Alƙahira da ya rasu a 1405 ya jera dabbobi bisa haruffa a Hayatul Hayawan, kowace ya kawo hadisan da suka ambace ta da hukuncin cin namanta da karin magana da amfaninta a magani da fassarar ganinta a mafarki. Su ma sun kwafi abubuwan da ba haka suke ba, kar mu yi ta yabon kai, sai dai ba su mai da kowace dabba lambar aƙida ɗaya ba.

Abun ya fara tsagewa ne tun yana kan ganiyarsa, kuma Larabci yana da hannu. Maikel Sikot ya fassara littattafan Aristotal na dabbobi daga Larabci zuwa Latin a Toledo kafin 1220, daga baya ya koma fadar Sarki Firedirik na 2 a Sisili. A lokacin akwai wata dinya, tsuntsuwa mai kama da agwagwa, da ke zuwa Ailan da Sikotland da hunturu wadda babu wanda ya taɓa ganin sheƙarta ko ƙwanta, sai aka ce ai daga jikin katakon da ke yawo a teku take tsirowa, tunda akwai wasu 'yan halittu masu ɓawo da ke mannewa a katako masu wani abu kamar gashin tsuntsu. Jerald na Wels, wani malamin coci, ya rubuta wajen 1188 cewa wasu malaman coci a Ailan har cinta suke a ranakun azumin da aka hana nama, wai ai ba daga nama aka haife ta ba. Kaga inda labari ya haɗu da ciki. Firedirik, wanda mayen farauta da shaho ne kuma ya rubuta littafi a kai, sai ya aika arewa aka kawo masa irin katakon, ya duba ya ce babu abun da ya yi kama da tsuntsu a nan, abun da ya fi yiwuwa shi ne tana yin sheƙa a can nesa inda mutane ba sa zuwa. Haka ne kuwa, a Girinland da tsibiran can ƙuryar arewa take ƙyanƙyasa. Albat Babba, malamin Jamus da ya rasu a 1280, shi kuma ya ji ana cewa jimina tana cin ƙarfe, sai ya je ya miƙa musu ƙarfe suka ƙi, ya ba su tsakuwa da guntayen ƙashi suka haɗiye, ya rubuta abun da ya gani. A 1255 Sarki Luwi na 9 na Faransa ya aika wa Henri na 3 na Ingila kyautar giwa aka ajiye ta a Hasumiyar Landan, wani ruhubani marubucin tarihi mai suna Matiyu Paris ya je ya zana ta da idonsa, ga gwiwoyinta nan a fili. Duk da haka an ci gaba da kwafar giwa marar gwiwa.

Shi kuwa Richad na Funibal da na ambata ɗauke salon ya yi gaba ɗaya ya kai shi fagen soyayya, ya rubuta littafin dabbobi yana roƙon wata mace, kowace dabba misalin halin da ta jefa shi ce, har aka samu martani da muryar matar tana juya masa misalan ɗaya bayan ɗaya. Da zarar abu ya kai nan an gane cewa kowa zai iya sa dabbar ta faɗi abun da yake so.

Amma dabbobin sun fi littattafan tsawon rai. Kwasakwasa mai ciyar da 'ya'ya da jininta tana kan tutar jihar Luwiziyana a Amurka har yau, zaki da doki mai ƙaho ɗaya suna riƙe da tambarin Birtaniya. Konrad Gesna da ake ɗauka cikin waɗanda suka fara ilimin dabbobi na zamani, da ya fara buga babban littafinsa a 1551 bai iya barin doki mai ƙahon a waje ba, dalili kuwa ƙahon yana nan ana sayarwa, dogo a murɗe, sarakuna na saye da tsada don an ce yana karya guba. Sai a 1638 wani likita ɗan Denmak, Ole Wom, ya nuna cewa haƙorin wata dabbar teku ce ta can arewa da ake kira nawal, ya kawo hujja da ƙoƙon kanta haƙorin na manne. A 1646 Tomas Biraun a Ingila ya fitar da littafi yana bin irin labaran nan ɗaya bayan ɗaya, har da gwiwar giwa da marainan biba. Bayan duk wannan, tsakanin 1662 da 1671, masarautar Denmak ɗin nan ta su Ole Wom ta sa aka ƙera kujerar naɗin sarauta da haƙoran nawal, jama'a kuma suka ci gaba da cewa da ƙahon doki aka yi ta. Tana nan a fadar Rosenbog a Kofenhagen.